Harafin da Ya Fashe: Ibrahim El-Salahi da Neman 'Yancin Zane a Sudan

A shekarar 1957 Ibrahim El-Salahi ya komo Khartum daga Landan, bayan ya shafe shekara uku yana koyon zane a makarantar Slade, ɗaya daga cikin manyan makarantun fasaha na ƙasar Ingila. Ya komo da abin da aka tura shi nema. Hannunsa ya faɗa, idonsa ya buɗe, yana iya zaunar da mutum a gabansa ya fitar da kamanninsa har da inuwar da ke ƙarƙashin haɓarsa. Sudan a lokacin ba ta daɗe da karɓar mulkin kai ba, kuma ana sa ran kowane ɗan ƙasa da ya yi karatu a waje zai kawo wa ƙasar tsaraba. Sai ya tattara ayyukan da ya yi a Turai, fuskokin mutane da shimfiɗar ƙasa da 'yan kayayyaki jere a kan tebur, ya rataye su a Grand Hotel da ke bakin Kogin Nilu, ya gayyaci jama'a. Ranar buɗewa wuri ya cika. Aka sha lemo, aka gaisa, aka watse. Daga wannan rana, kamar yadda shi da kansa ya sha ba da labari, ba wanda ya sake leƙowa.

Da zaginsa aka yi, da abin ya zo da sauƙi, domin mai zagi ya tsaya ya duba. Mutanen garinsa sun wuce aikinsa ne kamar yadda ake wuce bangon da ba a rubuta komai a kansa ba. Wannan shiru ya tsaya masa a rai har ya kusa ajiye burushi na tsawon lokaci, kuma daga cikinsa ne aka haifi ɗayan muhimman babuka na tarihin zane a nahiyar Afirka.

Kafin a shiga labarin, ya kamata a daidaita a kan irin zanen da ake magana. Akwai zanen da ke bin ido sau da ƙafa: a zana doki ya fito doki, a zana kasuwa a gane rumfuna. Akwai kuma wanda ya saki kamanni ya riƙi layi da launi da tsari, ta yadda mai kallo ba zai ce ga doki ko ga mutum ba, amma zai ji nauyi ko sauƙi, cunkoso ko sarari, natsuwa ko tashin hankali. Larabawa suna ce masa tajridi, wato tuɓe abu daga suturarsa har a bar ainihinsa. A Hausa muna iya ce masa zane marar kwaikwayo.

A Turai, wannan zane tawaye ne. Ƙarni huɗu ko fiye masu zanen can suka yi suna gasar wanda zai fi kama kamannin duniya, har na'urar ɗaukar hoto ta zo a ƙarni na 19 ta yi aikin cikin ƙiftawar ido. Daga wajen 1910 mutane irin su Kandinsky da Mondrian suka fara sakin siffa, a 1915 kuma Malevich ya nuna wa mutanen Rasha baƙin murabba'i a kan farin ƙyalle ya ce zane ke nan. Sun sami 'yancin da suke nema, amma sun saye shi da tsada. Hukumar Sobiyet ta tsare Malevich a 1930, 'yan Nazi kuma suka kwashe ayyukan Kandinsky da takwarorinsa daga gidajen ajiya, suka baje su a birnin Munich a 1937 don a yi musu dariya a matsayin lalatacciyar fasaha. A can, duk wanda ya zaɓi wannan hanya ya san ya zaɓi nisa da jama'a.

Abin sha'awa a labarin Sudan shi ne al'amarin ya zo a juye. Zanen kwaikwayo, na fenti da firam da ake ratayewa a bango, shi ne baƙo. Ya shigo tare da mulkin Ingilishi, ya sami gindin zama a sashen koyar da zane da aka buɗe a Kwalejin Gordon a tsakiyar shekarun 1940, sashen da daga baya ya zama kwalejin fasaha ta Khartum, inda Salahi ya fara karatu kafin a ba shi gurbin tafiya Landan a 1954. Zane marar kwaikwayo kuwa ɗan gida ne, sai dai ba wanda ya taɓa kiransa da sunan fasaha. Mai karatu ya san wannan ba sai an gaya masa ba. Aska takwas da ke ƙirjin babbar riga ba ta yi kama da askar wanzami ba, dagin da ke goshin soro bai kwaikwayi wata halitta ba, kuma ba a taɓa jin wanda ya tsaya gaban zayyanar allon mai sauka yana tambayar hoton mene ne wannan ba. Ana kallo, ana yabawa, ana biyan mai yi. Idon da ya tashi a cikin irin wannan ado ya saba da karanta layi da launi tun kafin ya ji sunan Kandinsky.

Salahi kansa ɗan wannan duniya ne. An haife shi a 1930 a unguwar Abbasiyya ta Omdurman, mahaifinsa malami ne mai makarantar allo, irin wadda mutanen Sudan ke kira khalwa. A nan ya fara riƙe alƙalami, ya rubuta ya wanke, ya kuma koyi ƙawata gefen allo da adon da ake yi wa almajiri in ya kai wani mataki a karatu, wanda a can ake ce wa sharafa, ɗan'uwan zayyanarmu na jini. Karatun boko da na Landan suka binne wannan a ƙarƙashin ilimin auna nisa da kusa da sanin gaɓoɓin jikin ɗan Adam. Da baje kolinsa ya faɗi, sai ya yi abin da ba kowane mai takardar shaida daga Ingila zai yi ba: maimakon ya ce mutane jahilai ne, ya tambayi kansa me suke ratayewa a ɗakunansu.

Ya shiga gidaje, ya zaga ƙauyuka da kasuwanni, yana kallo. Abin da ya gani a bangon talaka da na mai hali ɗaya ne: ayar Alƙur'ani da kyakkyawan rubutu, ko sunan Allah, ko salati. A ƙasa kuma ga tabarmi masu launi, ga faifan rufe abinci da matan Darfur suka shahara da saƙawa, ga ƙwarya da aka yi wa zane da wuta, ga aikin fata. Mutanen nan ba su rasa idon ganin kyau ba. Harshen da ya yi musu magana da shi ne ba nasu ba.

Matakin farko da ya ɗauka ƙarami ne, har ana iya cewa dabara ce ta mai talla. Ya fara sanya 'yan kalmomin Larabci a kusurwar zanensa, kamar tambarin wasiƙa. Sai ya lura mutane sun fara matsowa. Suna zuwa su karanta kalmar, daga nan idonsu ya zarce zuwa sauran aikin. Harafi ya zama ƙofa.

Da ya tsaya a nan, da ba mu da dalilin tunawa da shi, domin masu kyakkyawan rubutu ba su taɓa yin ƙaranci a ƙasashen Musulmi ba. Abin da ya biyo baya shi ne ainihin labarin. Rubutun Larabci fasaha ce mai tsauraran dokoki: tsawon alif ɗigo kaza ne, cikin nun yana da ma'auninsa, kuma almajirin wannan fanni yakan shekara da shekaru yana bin hannun malaminsa kafin a ba shi izini. Salahi ya ga cewa in ya bi wannan, ya fita daga ɗakin Slade ne ya shiga wani ɗakin mai ƙofa a kulle. Sai ya fara warware haruffan. Ya raba harafi da kalmarsa, ya raba shi da sautinsa, ya ja wuyan lam har ya wuce inda doka ta tsaya, ya buɗe cikin sad, ya karya kaf gida biyu. Ya daina kallon baƙin tawadar kaɗai, ya koma kallon farin da ke tsakanin harafi da harafi. Ya faɗa a hirarraki da dama cewa da ya yi haka, sai ya ga abubuwa suna fitowa daga waɗannan sarari ba da ya kira su ba: fuskoki dogaye masu kama da abin rufe fuska na gargajiyar Afirka, tsuntsaye, dabbobi, tsirrai, da wasu halittu da ba su da suna.

Nan ne ya kamata a yi hattara da kalmar tajridi in ana maganar Salahi. Bai kori siffa gaba ɗaya kamar Mondrian ba. Aikinsa na shekarun 1960 yana tsaye ne a kan iyaka, inda abu bai gama zama harafi ba kuma bai gama zama mutum ba. A ganina wannan iyakar ita ce ƙarfinsa, kuma ita ce ta buɗe masa ƙofar gidajen da zanen Slade bai shiga ba. Musulmin da ke ƙyamar surar mai rai a bangonsa bai ga sura cikakkiya da zai ƙi ba, wanda ya saba da rubutu ya ga abin da ya san asalinsa, shi kuma mai zanen ya sami fili ya yi abin da ransa ke so ba tare da ya nemi iznin malamin Landan ko na malamin rubutu ba. An san shi da yin alwala da salla kafin ya fara aiki, kuma bai taɓa ɗaukar zane a matsayin abin da ke nesanta shi da addininsa ba.

Launukansa ma sun sauya. Ya bar korayen Ingila ya koma launin ƙasar da ya taka: ja irin na jan ƙasa, rawaya mai duhu, toka, baƙi, da fari irin na ƙashi. A 1963 ya yi zanen da sunansa ke nufin jana'iza da jinjirin wata, inda wasu ramammun mutane ke ɗauke da gawa a bisa kawunansu, don tunawa da Patrice Lumumba na Kwango da aka kashe a 1961. A 1964, bayan rasuwar mahaifinsa, ya yi wanda ya kira sauti na ƙarshe. Ba gawa a cikinsa, ba masu kuka. Siffofi ne ke bazuwa daga tsakiya zuwa gefe, da jinjirin wata da 'yan tsuntsaye da gutsattsarin rubutu, yana ƙoƙarin zana addu'ar da ake yi a kan mai barin duniya. Duk wanda ya taɓa zama a gefen shimfiɗar mai jinya ana laƙƙana masa kalmar shahada zai gane cewa wannan abu ne da na'urar hoto ba ta da hanyar kamawa. Babban aikinsa na wannan zamani, wanda ya ɗauke shi daga 1961 zuwa 1965 kuma sunansa ke magana a kan sautukan mafarkin yarinta da suka sake haihuwa, ya yi shi ne a kan damuriyya, farin ƙyallen auduga saƙar hannu da mutanen Sudan ke ɗinka tufafi da shi.

Ba shi kaɗai ne a wannan hanya ba. Usman Waƙi'allah, wanda ya girme shi da shekara biyar kuma rubutunsa ya hau takardun kuɗin Sudan na farko, ya riga shi fara ɗaukar harafi a matsayin abin zane. Ahmad Shibrain, ɗan garin Barbar, ya ɗauki siffar allon kansa, da kansa da kafaɗunsa, ya mai da ita gidan da yake zuba baƙaƙen siffofinsa masu kauri. Ga kuma Kamala Ibrahim Ishaƙ, daga cikin matan farko da suka fito daga kwalejin, wadda za mu sake haɗuwa da ita. Wani mai zane ɗan ƙasar Guyana, Denis Williams, da ya koyar a Khartum daga 1957 zuwa 1962, shi ake dangantawa da raɗa musu sunan da ya bi su: Makarantar Khartum. Ba ƙungiya ba ce mai rajista da shugaba. Tambaya ɗaya ce ta haɗa su, wadda mawallafan waƙa na wancan zamani da ake kira 'yan daji da sahara su ma suke yi: shin Sudan Balarabiya ce ko Ba'afirkiya, kuma in duka biyun ce, yaya fuskarta take? Masu zanen sun amsa da cewa harafi daga Larabci, ado daga Afirka, a narka su a tukunya ɗaya.

Karɓuwa ta farko mai ƙarfi daga yamma ta zo masa, kuma ba yammacin Turai ba. A 1961 aka kafa kulob ɗin Mbari a Ibadan, matattarar marubuta da masu zane irin su Wole Soyinka da Chinua Achebe da Demas Nwoko, tare da Bajamushen nan Ulli Beier. A shekarar aka nuna ayyukan Salahi a can, a 1962 kuma Mbari ta buga ɗan littafin zane-zanensa. Ya tarar da mutanen da ke fama da irin ciwonsa. Tun 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da shi Nwoko, suka kafa ƙungiya suna ƙin a mai da su 'yan amshin shatan malamansu Turawa. Okeke ya koma ga uli, adon da matan Ibo ke yi a jiki da bango, kamar yadda Salahi ya koma ga allo. Ba su san juna ba lokacin da suka fara, amma cuta ɗaya ta kai su ga magani iri ɗaya. Daga nan hanya ta buɗe: tafiya Amurka da tallafin UNESCO a 1962, jagorancin tawagar Sudan zuwa bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966, sannan bikin al'adun Afirka na Aljiyas a 1969.

Sai dai karɓuwa tana da nata tarkon, kuma Makarantar Khartum ta faɗa cikinsa. Abin da ya fara a matsayin neman 'yanci ya zama salon da hukuma ke so. Harafi da adon gargajiya suka hau tambarin gwamnati da bangon ofisoshi da kyautar da ake ba baƙi, ɗalibai kuma suka gane cewa in ana son cin jarrabawa da samun mai saye, to a sa harafi a sa ado. A shekarun 1970 matasa irin su Hassan Musa da Abdullahi Bola suka fito da suka mai zafi. Suka ce gadon da ake ta yabo an tace shi ne don ya dace da idon baƙo da bukatar masu mulki, kuma narkewar Larabci da Afirka da ake wa kirari ba ta kasance tsakanin tsara biyu ba: ɗaya ne ke ba da ma'ana, ɗayan ado kawai aka ɗauke shi. Duk wanda ya zauna a ƙasar da ake yaba hularsa da abincinsa amma ana tambayarsa takardar asalin kakansa zai fahimci abin da suke nufi. Ina ganin sukar ta fi dacewa da mabiya fiye da shi Salahi, wanda bai taɓa zama a salo ɗaya har ya huce ba, amma ba suka ce ta banza ba.

Kamala Ishaƙ ta bi tata hanyar fita. Ta yi karatu a Landan ita ma, ta kuma daɗe tana nazarin zar, taron mata na fitar da iskoki wanda ya yi kama da borinmu ƙwarai. A tsakiyar shekarun 1970 ita da wasu ɗalibanta, cikinsu har da Muhammad Hamid Shaddad, suka fitar da sanarwa a jarida suna kiran kansu 'yan ƙarau, masu ganin duniya a matsayin abu mai sheƙi da ake hango cikinsa, mai sauya kama gwargwadon inda mutum ya tsaya. Sun ƙi a ɗaure mai zane da igiyar gado. Ita Kamala ta riƙa zana fuskokin mata a murɗe, a kulle cikin akwatunan gilashi. Ga wanda ya iya karatu, wannan magana ce a kan wane ne aka bari a waje lokacin da maza suka zauna suna tsara fuskar ƙasa.

Shi kuwa Salahi, karɓuwa ta kai shi har cikin gwamnati. Ya yi aiki a ofishin jakadancin Sudan a Landan daga 1969, sannan gwamnatin Ja'afar Numeiri ta kira shi gida ya riƙe harkokin al'adu, har ya kai babban sakatare a ma'aikatar al'adu da watsa labarai. A watan Satumba na 1975 wasu sojoji ƙarƙashin Hassan Hussein suka yi yunƙurin juyin mulki, abin bai yi nasara ba. Cikin 'yan kwanaki aka kama Salahi bisa zargin yana da hannu, aka kai shi kurkukun Kobar da ke Khartum ta Arewa. Ba a gurfanar da shi gaban alƙali ba. Ya yi wata shida da kwana takwas.

A Kobar an hana fursuna takarda da abin rubutu, wanda aka kama da su kuma sai ɗakin kaɗaici. Salahi ya samu guntun fensir, ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti da ake naɗo abinci a ciki zuwa 'yan ƙananan gutsattsari. Ya yi zane a kan ɗaya, in ya ji motsin gandiroba ya tura shi cikin yashi. Gobe ya yi wani da zai haɗu da na jiya ta gefe. Bai taɓa ganin hoton gaba ɗaya a shimfiɗe ba, kuma bai san inda zai ƙare ba. Bai fito da ko ɗaya daga cikinsu ba, suna can cikin ƙasar kurkukun. Amma ya fito da hanyar aiki da ya riƙe har tsufansa: a fara da ƙwaya ɗaya a tsakiya, a bar ta ta yi tsiro, in takarda ta cika a jona wata, hoton ya girma yadda ya ga dama. A Slade an koya masa ya tsara komai kafin ya ɗora burushi. A kurkuku ya koyi sakin linzami, kuma ban san wani misali da ya fi wannan nuna yadda 'yancin mai fasaha yake da wuyar sha'ani ba.

An sake shi a watan Maris na 1976 ba tare da an ce masa ga laifinsa ba. A watannin da suka biyo baya, yana zaune a gida ana sa masa ido, ya cika wani ɗan littafi da zane da rubutu na tawada a kan abin da ya gani, wanda yanzu ake kira littafin kurkuku. Daga nan ya bar ƙasar ya koma Ƙatar, ya yi shekaru kusan ashirin yana aikin gwamnati a Doha. Launi ya fita daga aikinsa kusan gaba ɗaya, ya koma baƙi da fari, alƙalami da tawada, kamar ɗan makarantar allo. A wannan hali ya yi babban zanen nan mai gida tara da sunansa ke nufin abin da ba makawa, tsakanin 1984 da 1985: cunkoson jikuna da damatsa a ɗage da ƙarafa, jama'a sun taso wa azzalumi. A watan Afrilu na 1985 mutanen Khartum suka fito kan titi, mulkin Numeiri ya faɗi. Zanen yana jami'ar Cornell a Amurka.

A 1998 ya koma birnin Oxford da zama, kuma a can, cikin ruwan sama da sanyin Ingila, ya tuna da wata bishiya ta bakin Nilu da ake kira haraz. Mai karatu ya san ta sarai, gawo ce. Ita ce bishiyar da ke zubar da ganye da damina lokacin da kowane itace ke taƙama da kore, sannan ta yi lif da rani lokacin da saura suka bushe, shi ya sa manomi ke barinta a tsakiyar gona, gero ya yi kyau a ƙarƙashinta, makiyayi kuma ya sami abin kakkaɓo wa dabbobi a bazara. Mutanen Sudan suna cewa haraz ta yi faɗa da ruwan sama. Salahi ya ɗauke ta a matsayin hoton mai fasaha, ya yi jerin zane-zane masu yawa da sunanta. Waɗannan su ne ayyukansa da suka fi nisa da kwaikwayo: layi ɗaya a tsaye, layuka a kwance an ja su da ma'auni, launi ya dawo a hankali. Ba reshe, ba ganye, ba harafin da za a karanta. Wanda ya fara da sa kalma a kusurwa don mutane su matso, ya kai inda ba ya bukatar ƙofar.

Manyan gidajen fasaha na duniya sun yi jinkiri. Gidan adana fasahar zamani na New York ya sayi ƙaramin zanensa mai suna masallaci tun 1965, amma shekaru da dama tarihin zanen zamani da ake koyarwa bai san da zaman Khartum ba, kamar dai zamani abu ne da ke faruwa a Faris da New York kaɗai, saura kuwa su kwaikwaya. Sai a 2013, bayan nunin ya bi ta Sharja da Doha, gidan Tate Modern na Landan ya baje ayyukansa fiye da 100 a ƙarƙashin kulawar masanin nan ɗan Sudan, Salah Hassan. Shi ne mai zane ɗan Afirka na farko da gidan ya yi wa irin wannan nuni na aikin rayuwa gaba ɗaya. Yana da shekara 82, a garin da ya bari a 1957. A farkon 2017 kuma, da gwamnatin Amurka ta hana 'yan ƙasashe bakwai shiga ƙasarta, har da Sudan, ma'aikatan gidan na New York suka fito da masallacin nan daga ma'ajiya suka rataye shi a ɗakin da ayyukan Picasso suke.

Da ciwon baya ya hana shi tsayuwa gaban babban ƙyalle, sai ya koma zane a zaune, a kan kwalayen maganin da yake sha da bayan ambulan, ƙanana kamar gutsattsarin Kobar, kuma an nuna irin waɗannan a bikin fasaha na Venice a 2022. Shekara guda bayan haka, ranar 15 ga Afrilu 2023, yaƙi ya ɓarke a Khartum. An wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa, masu zane da yawa sun tsere sun bar ɗakunan aikinsu a buɗe, miliyoyin mutane sun bar gidajensu. Manyan ayyukan Salahi sun tsira domin suna Landan da New York da Sharja da Doha. Jikokin mutanen Omdurman da ya shiga ɗakunansu yana duba abin da suka rataye a bango, da yawansu yau suna Alƙahira, ko Port Sudan, ko sansanonin gabashin Chadi, kuma mafi yawansu ba su taɓa tsayawa gaban ko ɗaya daga cikin zane-zanen ba.